Motar Rabo Ba Ta Taka Laka

A Gaya in ka ce kana neman Rabo, sai a tambaye ka wanne, don masu sunan suna da yawa. Amma in ka ce Rabo Katkat, ko mai tuyar ƙosai ta bakin tasha za ta nuna maka gidan da baki ba tare da ta ɗago kai ba. Katkat ita ce motar daji mai ja da ƙafa huɗu, irin wadda ma'aikatan furoje, masu ayyukan raya karkara, ke ratsa ƙauyuka da ita. Ta Rabo fara ce, doguwa, kuma ta girmi ɗiyarsa ta fari. Tana tsaye a ƙofar gida ƙarƙashin rumfar kwano da ya kafa mata, rumfar da ba ta yoyo ko ɗigo, alhali ɗakin girkin matarsa Balkisu in ana ruwa sai an tara kwanoni.

Rabo bai taɓa yin aikin tuƙi ba. Shekara talatin ya yi yana fid da kayan mutane a duwan, wato kwastan, can bakin gadar iyaka, da takardu a hammata, yana kutsawa tsakanin manyan motocin da ke fitowa daga Kwatano. A nan son mota ya shige shi har ƙashi. Ran da wani furojen gina rijiyoyi ya tattara komatsansa ya yi gwanjon tsofaffin motocinsa, kowa ya leƙa ya ga tarkace ya wuce, Rabo kuwa ya tsaya gaban wannan fara kamar an dasa shi. Da jaki biyu da matasan unguwa aka jawo ta gida, don ko tari ba ta yi. Shekara biyu ya ɗauka yana tayar da ita, ƙusa bayan ƙusa. Da ya bar aiki sai ta zama ita ce aikin.

Bayan sallar asuba zai fito da bokiti biyu ya wanke ta, da ruwan famfo, don a cewarsa ruwan kogi na da yashi. Raga-ragan hancinta da tsohon buroshin haƙori yake bi. Juma'a da safe ranar shafa mata mai ce, zai shimfiɗa tabarma ya shige ƙarƙashinta, ƙafafunsa kaɗai ake gani har a fara kiran salla. Lahadi ya tayar da inji, ya karkata kai yana saurare kamar ungozoma a kan ciki. In sautin ya yi masa, sai ya fita da ita a hankali, ya hau hanyar Doso har kan tudu, ya juyo ya gangara wajen gada, ya dawo rumfa. Duk a kan kwalta. In hadari ya haɗu, ko da an yi masa rasuwa ne motar ba ta fita.

Kayan gyara kuwa sai na asali. Na kasuwar Kamba langa-langa yake ce musu. Lokacin da aka rufe gada, mutane na shiga kwale-kwale don neman abin kaiwa baki, Rabo ya shiga don ya karɓo gilashin fitila ɗaya a Malanbil, tsallaken kogi. An gan shi ya dawo rungume da shi a ƙirji, ƙafafunsa cikin ruwa, yana harara duk wanda ya motsa. Gaskiya ɗaya ba a ƙin faɗinta, motar ta yi kyau. Baƙo in ya gan ta ba ya yarda ta haura shekara talatin.

To amma a Gaya mai mota ba shi kaɗai ke da motarsa ba. Mai naƙuda na da rabo a ciki, mara lafiya na da shi, amarya ma haka. Ko tsofaffin ƴan kasuwar da ba sa ba da sisi sun san wannan. Rabo dai bai yi wannan karatun ba. Wata safiya maƙwabcinsa Hamidu mai shago ya zo a guje, matarsa na durƙushe. Rabo ya ajiye buroshi ya dube shi sama da ƙasa.

"Ruwan ya hwashe?"

"Ya hwashe, Malam Rabo, don Allah."

"To, kujerata hwa?"

Haka Hamidu ya juya ya nemo babur ɗin haya, kabu-kabu, aka sa matar a tsakiya, wata tsohuwa na riƙe da ita ta baya. Allah ya sa ta sauka lafiya, amma Hamidu bai sake yi masa ko sannu ba, Rabo kuma ko a jikinsa. Ƴan ɗaukar amarya ya ce musu lalle na kama kujera. Balkisu da kanta kan sauko daga kabu-kabu da buhun gawayi a daidai gaban motar mijinta, ta zagaye ta ta shige gida. Tun tana magana har ta daina.

Duk da haka fadar hira ba ta watse daga ƙofar gidansa ba, don inuwar ɗorawar nan babu irinta a unguwar. Tsofaffin abokan aikinsa su biyar ko shida ke zama su dafa shayi, su kuma tsokane shi. Su ce motar da ba ta taɓa ganin laka ba ita ce katkat? Rabo ya miƙe ya buɗe ƙofa ya nuna musu ɗan gajeren sandan da ke kusa da giya, wanda ake ja ƙafafun gaba su kama. Kurabo ke nan.

"Wanga da kuke gani, in na ja shi, wallahi ko gangaren kogi sai ta hau. Ba hwadamar da ke tsaida ta daga nan har Tunuga."

Shekara da shekaru yana cika wannan bakin, har shi da kansa ya fara yarda. Alhali akwai abin da mutum uku kaɗai suka sani a duniya, shi da Balkisu da Seyni, makaniken da ke duba masa ita. A ƙarƙashin irin wannan mota akwai wani sandan ƙarfe da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafun gaba, makanikai na ce masa arbur. Wata rana Seyni, cikin hira, ya ce direbobin da ba sa barin kwalta cire shi suke yi don rage shan man gazuwal, ya kuma ce irin na motar Rabo an daina ƙera shi. Rabin maganar na farko bai dami Rabo ba. Na biyun ne ya hana shi sukuni. Abin da babu wani a duniya, ya bar shi yana juyi a ƙasa cikin tsakuwa? Ya sa aka shigo da motar tsakar gida, aka rufe ƙyaure, Seyni ya kwance arbur. Rabo ya wanke shi, ya shafe shi da mai, ya naɗe a buhu ya tura ƙarƙashin gado. Daga ranar kurabo ya zama ado. Ka ja shi ka ƙara ja, ƙafafun baya kaɗai ke turawa, kamar kowace taksi.

In akwai mutum ɗaya da Rabo ke so tsakani da Allah, yayarsa Jummai ce. Uwarsu ta rasu yana rarrafe, Jummai ce ta goya shi, ita ta tauna ta ba shi, ita ta tsaya kai da fata aka kai shi lakwal, makarantar boko, a Gaya. Ita ta zauna a ƙauyensu, can bayan Tunuga, tana noman shinkafa. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Yahaya, wanda yanzu magidanci ne. Kowace kaka buhun shinkafarta na isowa gidan Rabo kafin ta ci nata. A ƙauyen ba ta da hira sai ta ƙanenta da motarsa da ba ta jin laka, ko da yake shi a motar kasuwa yake zuwa gaishe ta.

Ran wata Talata cikin watan Agusta, da hantsi, ana zuba shayi na biyu, salular Rabo ta yi ƙara. Yahaya ne.

"Kawu, kububuwa ta sari Inna a gona. Ƙahwa ta kumbura, jini na hita a dasashinta. An ce allurar sai Gaya. Mun ɗaure shanu, yanzu za mu taso da ita bisa amalanke."

Rabo ya ajiye kofin shayi. Ya miƙe tsaye, ya ga idon ƴan fada duk a kansa.

"Amalanke? Ina da katkat ku ɗora min yaya bisa amalanke? Ku kwance shanun nan. Ku jira ni, ga ni nan tahe."

Da zuciya ɗaya ya faɗi maganar, amma ya ɗaga murya fiye da yadda salula ke bukata. Yahaya ya ce to. Wa zai yi musu da kawu mai mota?

Ko da ya shiga ɗaki ɗaukar makulli, ya tarar Balkisu ta riga ta jawo buhun daga ƙarƙashin gado, ta ji komai ta taga.

"Malam, ga ƙarhen. Ka biya wajen Seyni, ko awa guda ba ya yi ya ɗaura maka."

Rabo ya dubi buhun. Kafin ya kai shi mota sai ya ratsa ta gaban fada, kuma a cikinsu babu wanda bai san arbur ba, mutanen da suka tsufa a bakin gada. Za su tambaya. Za su yi dariyar da za a ji ta har kasuwa. Bayan wannan kuma, wani abu a ransa ya ce, ƙarfen da ka ɓoye shekara goma sha ɗaya, yau ka tsoma shi a laka?

"Maida shi. Kwana biyu ba a yi ruwa ba, hanya ta sha iska."

"Malam, Yaya Jummai ce hwa."

"Ke kika san mota ko ni?"

Ta saki buhun ya faɗi da ƙara, ta fita ta bar masa ɗakin. Shi kuwa sai da ya nemo babbar leda ya shimfiɗa a kujerar baya, ya cusa gefe da gefe, sannan ya tayar. Ƴan fada suka bi shi da addu'a, wasunsu har da tafi, don yau dai za a ga katkat a daji.

Tafiyar da kabu-kabu ke yi ƙasa da awa guda, Rabo ya haura awa biyu yana yin ta. Kowane rami sai ya taka birki. Kowace kududdufi sai ya sauka ya gwada zurfinta da kara. Yana yi yana kiran sunan Allah, yana jin tsoro na gaske don yayarsa, amma ƙafarsa ta ƙi taka mai. Kusa da ƙauyen akwai fadama, hanya ta bi ta tsakiyarta a kan ƴar tudun ƙasa mai faɗin mota ɗaya, shinkafa da ruwa dama da hagu. Saman lakar ya bushe, ya lallaɓa ya wuce. Ya yi hamdala, har ya ɗan bubbuga sitiyari da hannu. Bai kula da gabas ba, wadda ta yi baƙi ƙirin.

Ya tarar da Jummai kwance a tabarma a zaure, mata sun kewaye ta. Ƙafar ta zama kamar turmi, bakin zanenta duk jini. Da ta gan shi sai ta yi murmushi.

"Na ce musu kana tahe."

Yahaya ya ɗaga kai ya dubi rana. Da sun taso da amalanke, da tun ɗazu sun kai kwalta ko da shanun ragwaye ne. Aka ciccibe ta zuwa mota, Rabo na biye yana cewa a kula da ƙofa. Ya karɓi zane a hannun wata mata ya ninka ya sa mata a ƙarƙashin baki. Matan suka ɗauka tausayi ne. Yahaya, da ya zauna ya ɗora kanta a cinya, ya ga inda idon kawunsa yake.

Ba su bar ƙauyen ba ruwa ya kece. Kafin su iso fadama busasshen saman nan ya narke. Rabo ya shiga a hankali, wanda shi ne abin da ba a yi, ko karen mota ya san laka da gudu ake keta ta. A tsakiya, inda hanyar ta ɗan lotsa, bayan motar ya yi gefe, ya zauna. Ya taka mai, ƙafafun baya suka yi ta juyi suna haƙa wa kansu rami.

"Kawu, sa kurabo!"

Rabo ya ja sandan. Ya ja shi da ƙarfi, da hannu biyu, kamar bai san abin da ke ƙarƙashin gadonsa ba. Yahaya ya leƙa ta taga ya ga ƙafar gaba tsaye cik, ko motsi.

Manoman da suka fake a bukkokin gona suka fito cikin ruwa, su wajen goma. A cikinsu akwai wani dattijo, Harun, wanda ya yi yaron mota a ƙuruciya, kuma amalankensa na tsallaken fadamar ta wajen Gaya da shanu biyu. Ya durƙusa cikin laka ya zura hannu ƙarƙashin motar har kafaɗa, ya lalluba, ya ɗago.

"Malam, ina arbur?"

Rabo ya kau da kai.

"Tambayarka ake, Kawu."

"Yana gida."

"Gida?"

"Laka na cin shi."

Wani matashi ya fashe da dariya, wani ya buge masa baki. Harun bai ɓata lokaci ba, ya kwanto shanunsa ya zo da igiya. Ƙugiyar ja ta nutse cikin laka, sai ya nufi ƙarfen gaba, parshok, zai ɗaura. Rabo ya diro daga mota ya riƙe masa hannu.

"Ba nan ba! Lanƙwashewa zai yi, na asali ne. Ku bari in tono ƙugiyar, ko in naɗa buhu tukuna."

Abin kunya ne a faɗa, amma haka aka yi. Mutum goma tsaye cikin ruwa, shanu na huci, mace na zubar da jini a kujerar baya, dattijo mai furfura yana jayayya a kan ƙarfe. Yahaya ya buɗe ƙofa ya sungumi uwarsa. Manoman suka taya shi, suka ratsa da ita gaban motar zuwa amalanke, Harun ya mayar da shanunsa ya ɗaure. Aka rufa mata buhu don ruwa. Daga can ta ɗago hannu.

"Rabo, taho ka riƙe min kai."

Ya yi taku biyu. Sai ya waiga ya ga ruwan fadama ya hau hanya, ya kai gindin ƙofa. In ya ƙaru da taƙi ɗaya zai shiga inji, in kuwa ya shiga, shi ke nan.

"Yaya, ku yi gaba. Yanzu in hidda ta in cim muku. Da mota za mu hi sauri."

Jummai ta dube shi, irin duban da take yi masa yana yaro in ya yi ƙarya da bakinsa duk mai. Ba ta yi faɗa ba.

"To," ta ce.

Amalanke ya tafi, rabin manoman suka bi shi suna turawa. Sauran suka koma bukka suka zauna suna kallo, babu wanda ya sake miƙo hannu. A ƙasar da ko motar baƙo ta kafe sai gari ya fito, wannan ba ƙaramin zagi ba ne, kuma Rabo ya gane. Ya tuɓe takalmi ya shiga tono da hannu. Ya saro kaba ya cusa ƙarƙashin taya, laka ta haɗiye. Ya toshe bakin iskar inji da hularsa. Ya kwashe ruwan da ya shiga ciki da tafin hannu, yana kuka yana kwasa, shi kansa bai san wa yake yi wa kukan ba. Ruwan sama ya ɗauke, rana ta fito, azahar ta wuce, motar tana nan inda take.

Bayan la'asar ya ji ƙarar amalanke. Ya ɗago ya hango shi yana dawowa, shanun na tafiya a hankali, babu mai bugun su, mutanen da ke biye kansu a ƙasa. Ba sai an gaya masa ba. An ja zanen ya rufe har fuska. Ko kwalta ba su kai ba, in ji Harun, shi ma ba Rabo yake gaya wa ba, mutanen bukka yake gaya wa.

Rabo ya buɗe baki zai yi magana, babu wanda ya dube shi. Matsalar da ke gabansu ita ce hanya. Motar ta cike ta, amalanke ba shi da wurin wucewa, gefe da gefe kuma ruwa ya kai ƙirji. Sai mutum huɗu suka ɗauko gawar a hannu. Da suka iso gaban motar wurin ya yi musu ƙunci, dole biyu su fara zagayawa cikin ruwa su karɓa ta can. Babu inda za a ajiye ta sai kan hancin motar. Suka kwantar da ita a nan, ƙafafunta wajen fitila, kanta daf da gilashi, tazarar hannu ɗaya daga inda Rabo ke tsaye. Yana iya miƙa hannu ya taɓa ta. Bai taɓa ba.

Suka ɗauke ta suka miƙa ta gefe, hannu zuwa hannu, har bayan motar. A kan farin fentin aka bar shatin laka da jini, tsawon mutum. Rabo yana tsaye yana kallon wurin, kansa babu komai, sai ya ga hannun rigarsa na goge shi. Wallahi bai yi niyya ba. Ya goga sau ɗaya, ya goga na biyu, sannan ya ji shirun da aka yi. Yahaya ya waigo, kan uwarsa a kafaɗarsa.

"Goge da kyau, Kawu. Ba mu sake ɓata maka."

Suka juya suka kama hanyar ƙauye. Babu wanda ya ce masa taho, shi ma ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa daga cikin lakar. An rufe Jummai kafin magariba, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba daga inda yake tsaye. Sahu biyar aka yi a sallarta, in ji waɗanda suka je.